Saniyar da Ba Ta da Shaida

A kasuwar Arlit, a rumfar Hashimu mai sayar da tsofaffin kayan da Turawan ma'adinai suka bari, wani dattijo yana tsaye gaban hoton wani tsohon zanen fenti na ƙasar Holan. A cikinsa wata baƙauyiya tana tatsar jar saniya, ciyawa har gwiwa.

Rawaninsa ya koɗe, tafin hannunsa duk kantar jan guga. Da alama makiyayi ne daga wajen Gugaram. Igiyar dabba na rataye a kafaɗarsa, babu dabbar, ga kuma sabuwar rigar gadi a hammatarsa. Mai yiwuwa yau ya rabu da ta ƙarshe.

Yana bin cinyar saniyar da yatsa, sannan wuya, sannan kunne, kamar yadda ake duba baƙuwar dabba a bakin rijiya.

"Baba, saye za ka yi ko tatsa?" in ji Hashimu.

"Ba a yi mata shaida ba," in ji dattijon, ba tare da murmushi ba. "A wurinmu, wanda ya tsinci irin wannan shi ke riƙe ta har mai ita ya zo. Ka yi cigiya, ɗana. In ba a samu kowa ba, ni ban manta kiwo ba."