Shirwar da Na Kora daga Rimin Gandunmu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Isiyaku, kuma har yau daga Gozaki zuwa Danja ba a haifi wanda ya kai ni iya majajjawa ba. Ni ne Tanko da ke jifan shirwa tana can sama ta faɗo tana salati. Akwai ranar da na saki dutse ɗaya, uku suka faɗo, ta huɗun ta mutu don tsoro. A damina guda na share sararin ƙauyenmu tas, ko fiffike ba ka gani. Da wannan hannun na yi, kuma da shi na kama makarar Yaya da damina ta zagayo.

Kaji ne mafari. Ina da kamar arba'in, in a kasuwa ka tambaye ni kuwa ɗari huɗu ne. Shirwa ta matsa wa 'yan tsakina, sai na hau rimin da ke tsakiyar gandunmu na zubar da sheƙunanta. Na bi mujiya har kogon kuka, dama ana cewa kukanta mugun abu ne, tsofaffi suka yi ta sa mini albarka. Muzuru da tunku na ɗana musu tarko. Maciji kuwa ko saɓarsa na gani sai na dake ta.

Mutum ɗaya ne bai yaba ba. Wata rana mun ajiye fartanya muna shan fura a gindin rimin, Yaya ya ce, "Tanko, me ya sa dawa ke cika gona, ɓera ya cika rami, amma shirwa biyu kacal ke kwana a itacen nan?"

Na ce, "Labarina suka ji, Yaya."

Bai yi dariya ba. Ya ce rana da ruwa ne ke haɗa abinci a cikin ganye da ikon Allah, daga nan kowa ke ci. Ɓera ya ci zangarniya, amma yawancin abin da ya ci a gudu yake ƙarewa, da haƙa rami, da ɗumin jiki, da kashi. Kaɗan ne ke zama tsoka. Shirwa ta ci tsokar, ita ma ta ƙarar da yawancinta a shawagi. Kowane baki abinci ya ratsa, raguwa yake yi, shi ya sa na sama ba su da yawa, kuma kafin shirwa ɗaya ta ga kaka sai ɓeraye masu ɗimbin yawa sun bi ta cikinta. Ya ce, "Ɗan tsakon da ke ƙafarta ka gani. Ɓerayen da ta ci ba ka gani ba."

Ni kuwa na kai zancen dandali, na naɗa shi limamin shirwa. An yi dariya har da riƙe ciki.

Da kaka ta zo muka kwance dami muka tarar da rabinsa soshiya. Ɓeraye suka huda rumbu, suka ci igiya, suka ci guga, na rantse har kallona suke yi kamar za su gaishe ni. Ruwan shuka ya sauka, muka zuba iri, suka tone. Muka sake, suka tone. A karo na uku abincin gida muka binne. Kajin nan da na yi yaƙi dominsu, da tsaba ta ƙare muka yanka su, ba su riƙe gidan kwana ashirin ba, bayan sun cinye hatsin da zai kai mu wata uku.

Yaya ne babba a gandu, shi ke rabon hatsi da safe. Ban lura ba sai daga baya cewa nasa kason yana komawa akushin iyali, shi kuma ya fita noma da ruwa a ciki. Zazzaɓin marka ya same shi ba abin da zai tare shi da shi. Kwana shida ya yi, ya cika. Bai taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba, kuma wannan shirun ya fi mari zafi. Allah Ya jiƙansa.

Da zai leƙo yau, zai ga rumbunan sun cika, rimin ya sake sheƙa. Zai kuma ji maƙwabta na shirin ƙone kurmin bakin rafi saboda dila ya ɗauke musu ɗan akuya. Nakan maimaita musu maganarsa, su ce Tanko ya zo da sabon barkwanci. Wanda ya saba ba mutane dariya, ko kuka ya yi dariya ake yi.

Jiya na kai wa matarsa Hajo damin sadaka. Tun rasuwar ba ta sake yi mini wasan ƙanin miji ba. Na nuna mata shirwa uku na shawagi bisa gandu, na ce, "Kin gani? Ni na hana a taɓa su. Duk ƙasar nan ba mai gadin shirwa kamata."

Ta ɗaga kai ta dube su, ta ci gaba da sussukarta.

Ta ce, "Su dai sun dawo, Tanko. Saura maigidana."