Yabon Ranar Litinin

Shekarar da aka ajiye bulala a makarantar 'yata da ke unguwar Jambutu a nan Garwa, ni ban yi murna ba. Sabon direkta ne ya zo da tsarin. Wai daga malamai har mai gadi, har matar da ke soya ƙosai a bakin ƙofa, kowa ya sa ido, in ya ga yaro ya yi abin kirki ya kai sunansa. Ran Litinin bayan an ɗaga tuta sai a kira shi gaba a tafa masa. Na ce to fa, sabon salo, kiran sallah da usur.

'Yar tawa kuwa masifaffiya ce, ni ta gado. Ba ta yin mako ba ta yaga rigar wata ba. Sai ga shi ta daina. Ta raba faɗa, aka kira sunanta. Ta tsallakar da wani ƙaramin yaro titi, aka sake kira. Tana dawowa gida tana washe baki. Wane mai hankali ne zai tsayar da yarinya a gaban idon jama'a yana yabonta da Faransanci, ko "tubarkalla" babu? Kambun baka fa ba wasa ba ne. Cikin iyayen da ke tsayawa kallo akwai wadda muke sayar da bandar kifi rumfa ɗaya a kasuwa. Ba a taɓa kiran 'yarta ba, kuma na san irin idonta. Wallahi tsoro nake ji.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da yarinyar. Likita ya ce cizon sauro ne. Na ce na ji, amma duk Garwa wa sauro ya ƙyale? Me ya sa sai ita, kuma sai yanzu?

Na yafa gyale na sami direkta a ofishinsa.

Na ce, "Mushe," yadda ake kiran malamai da Faransanci, "don Allah a daina kiran sunanta."

Ya yi ta zuba bayani, wai yabo ke gyara yaro. Na ce, "Kai ka haifa min ita?" Ya ce to, Hajiya.

Ta warke ta koma. Ban gaya mata abin da na yi ba. Litinin ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Ta share aji, ta ɗebo wa malamai ruwa, shiru kake ji.

Ran nan ina yankan kuɓewa a tsakar gida ta shigo, hannun rigarta a yage, leɓe a fashe. Ta zauna kusa da ni, ko hawaye babu.

"Inna, na yi ta yin abin kirki ba wanda ya gani," in ji ta. "Yau da na mari wata, duk makarantar ta gani."