Kwamfutar da Ladan Ya Hana Barci

Faɗanmu da Ladan a kan madanni ɗaya ya tashi. Jikata na kai shagonsa da ke bakin tasha a Azare ya cike mata takardar jarabawa a kwamfuta, ana tsakiyar aiki sabis ya ɗauke. Ko ni da ban taɓa zama a aji ba na san maganin: a kashe, a kunna. Na kai yatsa zan danna.

"Iya Jumai, kar ki taɓa!" ya daka mini tsawa.

"Ni kake wa tsawa saboda faranti mai wuta? Uwarka ma ba ta ɗaga mini murya ba."

Wata biyu na hana shi ƙosaina, ga kaskona a ƙofar shagonsa. Sai daga baya na ji dalili, na ji kunya, amma ban ba shi haƙuri ba.

Ladan ɗan Katagum ne, gidan masunta, sai dai shi tsoron ruwa yake. Ya zo Azare da tsohuwar tafireta yana buga wa mutane wasiƙa. Lauratu da ya aura ita ta yi karatun kwamfuta, ita ta sayo, ita ta koya masa. Kullum da safe ita ke buɗewa da lambar sirrinta. Bai taɓa tambaya ba. Me zai tambaya, ga mai ita a gefensa? Wata Talata ta buɗe, ta fara rubutu, ta ce kanta na sarawa. Aka kai ta asibiti. Kafin la'asar an yi mata sutura. Allah bai ba su haihuwa ba.

Hotunanta na cikin kwamfutar, da muryarta, da shafin da ta bari rabin layi. Mai gyara ya faɗa masa gaskiya: ranar da kwamfutar ta mutu, in an kunna, lamba za ta nema. A iya wanke ta tas ta koma sabuwa, amma ba Lauratu a ciki.

To, shekara biyu da wata bakwai Ladan bai bar kwamfutar nan ta runtsa ba. Ya kafa sola, ya ajiye batir. In zai koma gida a buɗe yake rungumar ta kamar jinjiri. Bikin sunan ɗan wansa Mamman ma bai je ba. Abokan hira suka gaji da mutumin da idonsa ke kan caji, suka watse.

Sabis kuwa ba ya jin tausayin kowa. Idan ya ɗauke, masu jiran layi su yi ta ihu, "Malam, kashe ka kunna mana!" Shi sai ya ja linzamin kwamfutar, ya shiga wani lungu inda abin da ke kamo sabis yake, ya rufe shi kaɗai. Ya ƙirga goma a leɓe. Ya buɗe. Sai ka ga 'yan layukan nan na kusurwa sun tashi ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa ce mini, "Iya, don ƙofa ta cije ba a rushe ɗaki." Na ce, "Wa ya tambaye ka?" Na zuba masa ƙosai biyar.

Damina ce ta ci shi. Kwana uku hadari ya rufe rana, wuta ba ta zo ba, batir ya tsufa. Ya ruga aron janareta wajen mai walda, ya bar ni gadi. Ina kallo fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Na kira sunan Allah, na kira na Lauratu, ba wanda ya ce in danna nan.

Da ya dawo sai ya haɗa janareta. Ya kunna, ta nemi lamba. Ya sa sunansa, ya sa nata, ya sa ranar aurensu. Har azahar yana gwadawa. Bai yarda a wanke ta ba. Ya naɗe ta a zanen Lauratu, ya mayar da makullin shago, ya ce zai koma Katagum wajen wansa Mamman.

Na bi shi har bakin mota da ƙosai a takarda. Ya zauna a baya, ƙunshin a cinya, ba mai rakiya sai ni.

Na ce, "Ladan, na ga yadda kake yi. Ka rufe, ka ƙirga goma, ka buɗe. To ka je ka ƙirga gomanka, ba mai kora ka. Amma ka buɗe, ka ji ko? Karɓi, ci. Duk ka bushe kamar kara."