Bencin Baya

A ƙarshen shekarun tamanin ni saurayi ne a wani ƙauye tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Kakana ne ya fara karɓar Almasihu a gidanmu, ni kuwa a coci na buɗe ido, kuma ni ke ba da waƙa ranar Lahadi. Sai dai tun tasowata na san zuciyata ba ta karkata ga mata ba, maza take so. Ban taɓa kusantar kowa ba. Na yi azumi har na rame, na yi kuka a gonar masara inda ba mai ji na, abin ko gezau.

Da ya ishe ni, na je wurin wani dattijon ikilisiya, aminin mahaifina, wanda nake kira Baba. Na durƙusa na gaya masa komai, na roƙe shi ya taya ni addu'a tsakaninsa da Allah. Ya dafa kaina ya ce in kwantar da hankalina. Ranar Laraba a taron addu'a sai ya miƙe ya ce a sa wani matashi mai ba da waƙa cikin addu'a, wai mugun ruhu na sha'awar maza ya kama shi. Mai ba da waƙa ɗaya ne tak a cocin nan. Kafin Lahadi har Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ji. Da na tare dattijon, ko kunya babu, ya ce ai shi bai ambaci suna ba. Har yau in na tuna fuskarsa zuciyata sai ta yi ta tafarfasa.

Dattawa suka sa ni ƙarƙashin horo. Aka mai da ni bencin baya, ba waƙa, ba cin Jibin Ubangiji. A al'adarmu, wanda ke cikin horo yakan miƙe gaban jama'a ya ce ya tuba ya bar abin da ya yi, sai a karɓe shi. Wani da ya yi wa 'yar mutane ciki mun zauna benci ɗaya da shi, ya faɗi tasa, aka tafa masa. Ni me zan ce na bari? Fasto ya ce in dai furta cewa abin ya fita daga raina, magana ta ƙare. Na ce bai fita ba, kuma ba zan yi ƙarya a ɗakin Allah ba. Suka ce taurin kai ne. A kan bencin nan na gane cewa bangaskiyar da suke cewa ba ni da ita, ita ce ta hana ni yi musu ƙaryar da suke nema.

Ina cikin horon mahaifiyata ta kwanta ciwo. Ta roƙi fasto da bakinta a bar ni in ba da waƙa ranar jana'izarta. Da ta rasu dattawa suka hana. Ina tsaye can baya wani ya ja waƙar da ta fi so, ya ɓata ta.

Na bar ƙauyen, ban bar Almasihu ba, don ba shi ya tona mini asiri ba. Ku dattawa, wanda ya durƙusa gabanku da sirrinsa amana ya ba ku, kada ku mai da addu'a hanyar tsegumi. Kai kuma mai irin damuwata, ka auna mutum sosai kafin ka buɗe masa cikinka. Na yafe musu bencin. Waƙar uwata ce na kasa yafewa, kuma haka nake gaya wa Allah kullum, ba na ɓoye masa.