Ranar da Na Kai Alhaji Ya Ga Kitsen Gyara

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, Asabar ɗin da ta wuce. Mu uku ne: ni, da ƙawata 'yar Nijar mai tuƙi, sai Alhaji, dattijon masallacinmu, a kujerar baya ya haɗe rai.

Ga mafarin tafiyar. Ina da ɗan shagon naman halal a East Greensboro. Ni 'yar mahauta ce, a gidanmu ba a sallamar mai saye sai da gyara, gyaran mahauci kuwa kitse ne. Haka na zo da al'adar nan Amurka: kowa ya sayi niƙaƙƙen nama, sai in jefa masa dunƙulen kitse cikin inji. To bara aka yi wa Alhaji aikin zuciya, Hajiyarsa ta nuna mini takardar likita. Da can sai dai in juya takarda in mayar, amma tunda na shiga ajin manya bayan na haura arba'in, ba mai karanta mini. Na karanta, ashe likita ya hana shi cin kitse. Na ce daga yanzu nama mai ƙarancin kitse zan sayar, da takardar bayani a jikin kowace leda, gyaran kitse kuma ya ƙare. Alhaji ya ce rowa na koyo wurin Turawa, shi zai koma wani shago a Wendover. In kuwa Alhaji ya tafi, rabin masallaci ya bi shi. Na ce ya raka ni mayankar da nake saro nama, in bai gamsu ba, Allah ya raka taki gona.

Titin da ya saba cunkushewa, ranar fayau yake. Muka miƙa arewa, gidaje suka fara nisa da juna. Wajen Summerfield ga dawakai cikin shinge, kowanne da bargonsa, sun fi wasu mutanen gata. Ƙawata ta ce sai mun sha esansi, muka tsaya gidan mai. Kofi dala biyu, ɗanɗanonsa kamar ruwan wankin tukunya. Alhaji ya ɗauko wani ɗan kek, na karɓe na juya bayansa: har da man alade a ciki. Ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Na ce, "Alhaji, ka ga aikin takarda?"

Mayankar tana gaba kaɗan. Wata Baturiya ce mai ita, doguwa, da takalmin roba har gwiwa. Musulmi ke yanka, jami'in gwamnati na dubawa. Aka ba mu fararen riguna da ragar rufe gashi. Alhaji ya ƙi cire hularsa, ya ɗora ragar a kai, aka ƙara masa wata ta gemu. Ƙawata ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

Matar ta nuna mana aikin. Tsoka gefe, kitse gefe, a auna kowanne kafin a niƙa, sannan a ɗebi kaɗan a gwada. Abin da gwaji ya nuna shi ake bugawa a takarda. Na ba ta labarin gyara. Ta yi dariya, sannan ta ce duk abin da na ƙara bayan an manna takarda, takardar ta zama ƙarya, kuma sunana ne a jiki. Maganar ta shige ni.

Sai na nemi aron kasko. Na yanki kitse daidai dunƙulen da na saba jefawa, na narka, na juye a kofi, na ajiye a ɗakin sanyi. Kafin mu gama zagaye ya daskare kamar kyandir. Na miƙa wa Alhaji, na ce, "Ga girmamawar da nake maka kowace Juma'a." Ya danna da yatsa, bai lotsa ba. Ya daɗe yana kallo, can ya yi salati ƙasa-ƙasa.

Ban bar shi haka ba. Na gasa tsokar nan zalla a bakin ƙofa, da yajin da na ƙunso daga gida. Ya ce zai ɗanɗana ne kawai. Ya cinye nasa, ya shiga na ƙawata.

Kafin azahar mun dawo, bayan mota cike da nama da ƙunshin takardun mannawa. Da hannuna na manna ta farko, ba ta karkace ba. Alhaji ya ce shi zai sayi ledar. Ya sa tabarau ya karance takardar tas, sannan ya ɗago.

"To, 'yar mahauta, gyara fa?"

Na jefa masa ƙullin yaji a leda. Ya ce, "Ƙara ɗaya, na Liman."

Abin da na koyo a tafiyar nan, dattijo ba a ja da shi da baki, ɗaukarsa ake yi a mota a kai shi ya gani. Kyautar da za ta kwantar da mutum a asibiti kuwa, na bar ta har abada. Duk mai son ce mini marowaciya ya faɗa, amma ya faɗa da lafiyarsa.