Kayan Amarya a Ɗakin Ɗalibai

Ciyawa ce ta fara kama idona. Motarmu tana shiga ƙofar jami'ar na leƙa ta taga, na ga fili kore shar, an aske shi daidai kamar kan yaro ranar jajibirin Sallah, kuma babu akuya ko ɗaya a kansa. Ni da na tashi a Zangon Kumasi, inda tsiron da ya leƙo a jikin katanga ba ya kwana, sai na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina. Na ce a raina, ashe littattafan ba ƙarya suke yi ba.

Shekarata goma sha biyu a lokacin, na riga na nutse a labaran soyayya, irin waɗanda wata mata ke ba da haya a bakin kasuwa. A cikinsu jami'a wuri ne da yarinya ke tafiya a hankali ƙarƙashin itatuwa, littattafanta su zube, wani mai farin gilashi ya sunkuya ya tsince mata. Shi ya sa ranar da za a kai Yayata na sa kayan Sallah, na zizara kwalli, na ɗiga turaren Mma, mahaifiyarmu, a bayan kunne.

Bari in koma baya kaɗan, don ka san abin da ya sa muka cika mota. Gidanmu babban gida ne, ɗakuna a kewaye, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kuma Yaya ce ta farko da ta taɓa samun jami'a a cikinsa, a wani gari mai tafiyar rabin yini daga Kumasi. Baba babba, yayan mahaifinmu, shi ke da magana a gidan, kuma bai so tafiyar ba. Yana da shagon kayan masarufi a kasuwar Race Course, ya daɗe yana so Yaya ta zauna masa a ciki. Da aka matsa masa sai ya kafa sharaɗi: Kaka, mahaifiyarsa, za ta je ta gani da idonta. In ta ce wurin bai dace da 'yar mutunci ba, motar da ta kai Yaya ita za ta dawo da ita, washegari ta kama shago.

Wannan sharaɗi ya tsorata Mma, domin kowa ya san Kaka. Mace ce da ke wanke goro kafin ta ɓare shi, ta sake wankewa bayan ta ɓare. Kofinta daban, butarta daban. In ƙuda ya sauka a bakin kwanonta, ta gama cin abinci ke nan.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi don yi wa Yaya nasiha. Ƙarshen damina ne, ƙasa da danshi, ƙanshin gasasshiyar masara yana shigowa daga lungu. Duk waɗanda suka yi magana babu wanda ya taɓa taka jami'a, amma hakan bai rage wa kowa ƙarfin murya ba. Gwaggo ta ce kada ta karɓi ko alewa daga hannun namiji. Kawu direba ya ce ta zauna a kujerar gaba a aji, domin a mota ma na baya ne ke shan ƙura. Limamin lungunmu ya ce ta riƙe sallar asuba. Wata maƙwabciya ta ce in malami ya kira ta ofis ta bar ƙofa a buɗe, ta tsaya kusa da ita. Yaya tana durƙushe tana ta "to", ni kuma ina gefe ina tunanin mai farin gilashi.

Sai kaya. Matan gidanmu hanya ɗaya suka sani ta fitar da 'ya mace daga gida, don haka suka haɗa wa Yaya kayan ɗaki sak irin na amarya. Kwanukan samira masu fure, babba cikin babba. Tukwane, ƙaramin turmi da taɓarya, labule mai geza, madubi mai tsayin mutum, buhun garin rogo, da katuwar kwalbar shito, soyayyen yajin nan, wanda hayaƙin suyarsa ya sa duk gidan tari. Sai da muka yi shatar mota sukutum.

To, mu koma bakin ƙofa. Ciyawar nan ta raka mu har gindin benen da 'yan mata ke kwana, a nan ta tsaya. Tun daga matakala wari ya tare mu, wari mai hawa-hawa: ruɓaɓɓiyar shinkafa, jiƙaƙƙen tsumma, soyayyen kifi, da wani abu a ƙarƙashinsu wanda ba sai na faɗa ba. Kaka ta ja mayafinta ta rufe hanci. Ni kuma turaren Mma ya mutu a wuyana.

Ɗakin bai kai ɗakin girkinmu ba. Gadaje huɗu ne masu hawa, amma takalman da ke bakin ƙofa sun ninka haka. Igiya ta ratsa tsakiya, an shanya kamfai da rigar nono, suna ɗiga a kan murfin wata tukunyar miya. Ƙarƙashin gado kwanuka ne da suka yi gashi kore. A bango kuwa, daidai inda kan mutum zai kwanta, akwai zane-zanen jini, ja da baƙi, inda aka daɗe ana murtsuke kuɗin cizo da yatsa. Katifar da aka ce ta Yaya ce tana da tabo a tsakiya, babba, mai gefe ruwan ƙasa, kamar taswirar wata ƙasa.

A kan katifar wata doguwar yarinya ce zaune tana cin gari da hannu. Ta dubi Kaka ta yi mata maraba da yaren garin, "Nana, akwaaba." Da ta ji muna Hausa sai ta juya harshe, Hausarta irin ta unguwar Moshi Zango, mace da namiji duk "kai" ne.

"Sista, kai ne mai gadon? Alhamdulillahi. Ni 'yar raɓe ne, ban samu ɗaki ba, za mu kwana kai da ƙafa. Ba na munshari." Ta lashe yatsa, ta hango madubin da ake shigowa da shi. "Ei! Ina angon?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Kwanukan samira suka tsaya a baranda, ba wurin ajiye su, 'yan mata suna wucewa suna ƙwanƙwasa murfin suna guɗa.

Ita wannan yarinya ce ta yi wa Yaya nasihar da babu ita a tabarmin gidanmu. Ta ce ta sayi kwaɗo ta ɗaure bokitinta a ƙafar gado. Ta ce ruwa ba shi da rana, duk lokacin da ta ji famfo ya yi tari ta ruga, ko tana tsakiyar cin abinci. Ta ce kada ta kuskura ta shiga banɗaki ba silifas. Lacca kuwa ta je da wuri ta kama kujera, in ba haka ba ta taga za ta ji malami, ta ga bakinsa kawai yana motsi. "Shiton nan kuma ka ɓoye shi cikin akwati," in ji ta. "Ni kaina kada ka yarda da ni."

Azahar ta yi. Kaka ta ɗauki butarta, aka nuna mana ƙarshen baranda, na riƙe mata hannu muka tafi. Kada ka ɗauka daga aljanna muka fito. Zango tana da kwatocinta, na san warinsu in rana ta take. Amma ƙazantarmu a waje take, kuma mun san ta wane gida ce, ana iya zuwa a yi masa faɗa. Wannan ba ta da mai ita. Ruwa ya kwanta a daɓe, fari-fari, gashin kai yana yawo a samansa dunƙule-dunƙule. Masai sun cika sun tsaya, kowa ya zo ya ƙara a kan na wani. A kusurwa tarin audugar mata ne da takardun karatu da aka yi tsarki da su, manyan ƙudaje kore suna waƙa a kai. Kuma daga cikin wannan wuri wata yarinya ta fito, kyakkyawa kamar ta bangon littafi, da jan baki da agogo, ta tsallake ruwan ko a jikinta, ta wuce tana waya. Ita ce ta fi tayar mini da zuciya. Na juya na yi amai a bakin ƙofa, a kan takalmina na Sallah.

Kaka ba ta shiga ba. Ta koma ɗakin da butarta cike, ta tsaya a kan Yaya.

"Naɗe kayanki."

Yaya ba ta taɓa musa wa Kaka ba. Ranar nan sai ta je ta zauna a kan katifar, daidai kan tabon, ta ɗora hannuwanta a gwiwa.

"Kaka, na gani. Ni ma hancina ɗaya da naki. Amma wannan shekara huɗu ce. Shagon Baba babba ba shi da shekara."

Har 'yar raɓen ta daina tauna. Kaka ta daɗe tana kallon bangon nan mai jini. Can ta tofar da yawu a gefen mayafinta, abin da ban taɓa gani ta yi ba, ta ce, "Zauna. Amma ki ji ni da kyau, 'yar nan. Ki yi haƙuri da wurin nan, kada ki saba da shi."

Muka kwashe madubi da turmi da labule da samira muka mayar mota. Kaka ta yi alwala a bakin titi, kuma ba ta sa ko ruwa a bakinta ba har muka iso Kumasi.

Baba babba yana zaune a ƙofar gida yana jira. Ya leƙa motar bai ga Yaya ba, ya dubi Kaka ya ce, "Mma, yaya wurin?"

"Na ga masallaci, na ga gadonta, na ga mai gadin ƙofa," in ji Kaka. "A dafa mini ruwa."

Ta yi wanka har sabulu ya ƙare, ta jefa takalmanta a bola. Bayan 'yan makonni gidanmu ya kama susa, domin kuɗin cizo sun biyo labule mai geza. Aka fitar da katifu rana, aka yi ta zuba tafasasshen ruwa a gadaje. Da Baba babba ya tambayi inda suka fito, Kaka da ba ta ƙarya ta dube shi ido cikin ido ta ce motocin tashar Race Course ne.

Ni dai daga ranar littattafan suka sire mini. Duk lokacin da yarinyar labari ta sunkuya ƙarƙashin itace, sai in tambayi kaina a ina ta yi wanka da safe. Da lokacina ya zo, makarantar da zan iya zuwa da trotro, motar haya ta cikin gari, in dawo gida na zaɓa. Yanzu yaran lungunmu suna tafiya jami'a kowace shekara, ba a shimfiɗa tabarma, a waya suke samun nasiharsu. In uwa ta turo mini 'yarta, abin da 'yar raɓen nan ta faɗa nake maimaitawa, in ɗora na Kaka a kai.

Yaya ta gama, ta yi aiki, ta yi arziki. Bayan rasuwar Kaka ta gina bene a bayan wata jami'a tana ba ɗalibai haya. Bara na kai mata ziyara, ta zaga da ni tana alfahari. Tun daga matakala na gane warin. Na leƙa wani ɗaki na ga gadaje har bakin taga, da bokitai ɗaure da sarƙa. Na ce, "Yaya, famfonki ba ya kawo ruwa ne?"

Ta gyara mayafinta mai tsada, ta tsallake wani ruwa da ya kwanta a baranda ba tare da ta dube shi ba.

"Ke dai da tsirfa," ta ce. "Yara ne, za su saba."