Agogon da Kawu Ya Kama da Ƙarya

Ko tsufa ya sa na fara mance sunayen jikokina, ba na jin zan mance ranar da agogon kwamfuta ya so ya raba ni da aikin gwamnati.

Lokacin ina zaune a gidan kawuna a Gwarinpa, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, sai wata hukuma ta buɗe ɗaukar ma'aikata ta intanet. Ni kuwa sarauniyar "sai gobe", ban tashi cikewa ba sai ranar ƙarshe, kuma ƙarfe huɗu za a rufe. Bayan azahar na zauna gaban tsohuwar kwamfutar gidan, 'yar gwanjo. Shafin hukumar ya ƙi buɗewa. Na kashe na kunna, na zare waya na mayar, shiru. Hankalina ya tashi, gumi ya jiƙa ɗankwalina.

Sai ga Kawu ya shigo. Tsohon direban ma'aikata ne, ko sau ɗaya bai taɓa kunna kwamfuta ba, amma duk agogon gidan da labaran rediyo yake saita shi, har muna yi masa tsiya a bayan ido. Ya leƙo ta kafaɗata, ya nuna ƙasan allon.

"'Yar nan, agogon nan ƙarya yake yi."

"Haba Kawu, ana ta kai wa yake ta kaya? Sabis ne babu."

Ya ce, "To ke za ki karɓi takarda daga hannun wanda bai san ranar yau ba?"

Don dai ya ƙyale ni na latsa agogon. Ashe ba awa kaɗai ba ce, shekarar ma ta koma baya har biyar! Na gyara shekara da wata da rana, Kawu ya karanto mini lokaci daga agogon hannunsa: "Uku da minti ashirin." Na sake gwadawa. Shafin ya buɗe tar! Na ƙwalla ihu har matar Kawu ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Cikin murna na cike komai, na tura saura minti shida.

Daga baya aka ce mini wani ɗan batiri ne a cikin kwamfutar ya mutu, agogonta ya rikice, shi ya sa shafin ya ƙi buɗewa. Aikin kuwa na samu, shi nake yi har yau.

Tun ranar na daina raina maganar babba don kawai bai yi boko ba. Kawu ya rasu, amma kullum na kunna kwamfutar ofis, ƙasan allo nake fara dubawa, in yi masa addu'a.